Shanu, Furanni da 'Yan Jagora: Asalin Yawon Ƙafa a Tsaunukan Alps

A shekarar 1387 hukumar birnin Lucerne, a ƙasar Suwizalan ta yau, ta jefa wasu malaman coci shida a kurkuku saboda sun yi yunƙurin hawa dutsen Pilatus da ke kallon garin. Mutanen wancan zamani sun yi imani cewa fatalwar Bilatus, gwamnan nan na Rumawa, tana kwance a wani ɗan tafki can sama, kuma duk wanda ya tsokane ta zai jawo wa gari guguwa da ambaliya. Tsauni a lokacin wurin tsoro ne. In ba makiyayi ko maharbi ba, babu mai hankalin da zai doshe shi.

Yau kuwa, daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Agusta, duk safiyar Asabar za ka ga jiragen ƙasa da ke nufar tsaunukan Alps cike da ma'aikatan ofis da ɗalibai da 'yan fansho, kowa da jakar goyo da takalmin hawa dutse. Sukan biya ɗan jagora ya shige musu gaba, su kwana a masaukin kan dutse, su sauko da yammacin Lahadi. Yawancinsu ba ƙololuwa suke nema ba. Furanni suke zuwa kallo, a filayen ciyawa da ke buɗewa inda itatuwa suka ƙare.

Furanni ne ma suka fara jan masu ilimi zuwa sama. Conrad Gessner, likita kuma masanin tsirrai a Zurich, ya rubuta wa wani abokinsa a 1541 cewa ya ƙudura hawa dutse kowace shekara a lokacin da tsirrai ke fure, don ilimi, don motsa jiki, don kuma farin cikin zuciya. A 1555 ya nemi izinin hukuma ya hau wannan Pilatus ɗin da ake tsoro, ya dawo lafiya, ya rubuta yadda tsirrai ke sauyawa gwargwadon yadda mutum ke ƙara hawa. Daga baya Albrecht von Haller na Bern, shi ma likita ne masanin tsirrai, ya tsara doguwar waƙa a 1729 yana yabon tsaunuka da rayuwar makiyayansu. Waƙar ta zagaya Turai, ta sa mutanen birni suka fara sha'awar abin da kakanninsu ke gudu.

Haller ɗin nan ne ya ƙarfafa wa wani saurayi ɗan Jeneba gwiwa, Horace-Bénédict de Saussure, wanda ya tafi kwarin Chamonix a 1760 yana ɗan shekara 20 don tattaro tsirrai. Da ya ɗaga kai ya ga Mont Blanc, dutsen da ya kai kimanin mita 4,800, sai ya sa tukuici ga duk wanda ya gano hanyar hawansa. Shekara 26 tukuicin yana jiran mai rabo. A tsakani, a 1767, Saussure ya zagaye dutsen gaba ɗaya, wanda shi ne tushen hanyar nan da dubban mutane ke bi yanzu. Sai ranar 8 ga Agusta 1786 Jacques Balmat da likitan garin, Michel-Gabriel Paccard, suka taka ƙololuwa. Da shekara ta zagayo Saussure da kansa ya hau, da baransa da 'yan jagora 18 ɗauke da kayan awonsa.

Su waye waɗannan 18? Littattafai sun fi riƙe sunan maigida, amma ƙafafun da suka san hanya na talakawan kwari ne: manoma masu 'yan shanu, maharban akuyar dajin da ake kira chamois, da masu haƙo duwatsu masu ƙyalli a tsagogin dutse su sayar. Ƙasar Savoie, inda Chamonix take, matalauciya ce a lokacin, hunturunta dogo, har yara ƙanana kan fita ci-rani birane suna share bututun hayaƙin gidaje. Balmat kansa maharbi ne kuma mai neman duwatsu. Sunan da ya yi bai raba shi da neman na kai ba, don a 1834 ya ɓace a tsaunukan Sixt yana neman zinariya, kuma ba a ga gawarsa ba.

Mutuwa ce ta mai da jagoranci sana'a mai doka. A watan Agustan 1820 wani masani daga Rasha, Dakta Joseph Hamel, ya nufi Mont Blanc da tawaga bayan dusar ƙanƙara ta zuba sabuwa. Ƙanƙarar ta zaftare, ta tafi da 'yan jagora uku cikin rami. Sai a 1861, bayan shekara 41, daskararren kogin ƙanƙara na Bossons ya fara amayo sassan jikinsu da kayansu a gindin dutse. Shekara ɗaya bayan hatsarin, a 1821, hukumar Chamonix ta kafa ƙungiyar 'yan jagora, wadda ita ce mafi daɗewa a duniya. An yanka farashi. An buɗe asusun taimakon wanda ya ji rauni da iyalan wanda ya rasu. An kuma kafa layi, kamar yadda direbobi ke bin layi a tashar mota: baƙo ba ya zaɓen wanda ya ga dama, wanda layi ya zo kansa shi ne nasa. Turawan Ingila masu kuɗi sun yi ta ƙorafi a kan wannan doka, don sun fi son su ɗauki gwanin da suka sani. Amma dokar ce ta hana 'yan kaɗan cinye kasuwa. Ƙungiyar ta daɗe a rufe ga wanda ba a kwarin aka haife shi ba, sai a 1930 ta karɓi baƙo na farko, Roger Frison-Roche. Har gobe duk 15 ga Agusta ana bikin 'yan jagora a Chamonix, a sa wa igiyoyi da gataran ƙanƙara albarka, a tara wa asusun kuɗi.

Abin da ake yawan mantawa shi ne, hawan ƙololuwa ba shi ne abincin yau da kullum na waɗannan mutane ba. Har tsakiyar ƙarni na 19, hawan Mont Blanc bai wuce sau 'yan gommai ba. Aikin da ke kawo kuɗin cefane shi ne jan alfadari zuwa Montenvers don baƙi su kalli kogin ƙanƙara na Mer de Glace, da ɗaukar kaya, da raka iyali su ƙetare mashigin tsauni, ana tafe ana nuna musu fure ana faɗa musu sunansa. Ɗan jagoran yawon ƙarshen mako na yau, wannan ne kakansa.

Shekarar 1863 ta buɗe ƙofa. A cikinta aka kafa ƙungiyar masu hawan dutse ta Suwizalan, ta gina masaukinta na farko a jikin dutsen Tödi. Yanzu tana da masaukai kusan 150. A shekarar kuma Thomas Cook, mai shirya wa mutane tafiye-tafiye, ya kwaso ayarinsa na farko daga Landan zuwa Suwizalan. Cikin ayarin akwai Jemima Morrell, wata mata 'yar Yorkshire, wadda ta rubuta labarin tafiyar: Jeneba, Chamonix, ƙetare mashigin Gemmi da dogayen riguna masu jan ƙasa, sannan hawan Rigi don ganin fitowar rana. Mako uku, a kan abin da bai kai fam 20 ba. Rubutun nata bai fito fili ba sai 1963. Manyan ƙungiyar Alpine Club ta Landan, wadda aka kafa a 1857, sun riƙa yi wa 'yan ayarin Cook kallon raini, wai sun zo ɓata musu wuri. Raini dai bai hana jirgin ƙasa isa Chamonix a 1901 ba.

Wanda ya fara ɗanɗana kuɗar wannan cunkoso shi ne edelweiss. In ka durƙusa ka dube shi da kyau, ɗan tsiro ne da bai fi tsawon tafin hannu ba, mai siffar tauraro, fari-fari kamar an yayyafa masa toka. Abin da ido ke ɗauka fure ne, ganye ne lulluɓe da gashi mai laushi wanda ke kare shi daga zafin hasken rana da bushewar iska. Ainihin furannin ƙanana ne, rawaya, a dunƙule a tsakiya. A gaskiya bai kama ƙafar gentian a kyau ba, mai shuɗin da ya fi na baba turawa. Sai dai labari ya bazu cewa edelweiss a bakin rami kawai yake fitowa, don haka tsinko shi shaidar jarumta ce da soyayya. Ƙungiyoyin masu hawan dutse na Jamus da Ostiriya suka mai da shi tambarinsu. 'Yan ƙauye suka shiga tumɓuke shi da saiwa suna sayar wa baƙi, samari suna faɗowa daga dutse garin nemansa. A 1878 gundumar Obwalden ta haramta tumɓuke shi, ɗaya daga cikin dokokin kare tsirrai na farko a Turai. Henry Correvon na Jeneba ya bi ta wata hanyar: ya kafa ƙungiyar kare tsirrai a 1883, ya kuma buɗe lambun tsirran tsauni a Bourg-Saint-Pierre a 1889, da hujjar cewa in an iya shuka su daga iri, babu dalilin yashe dutse. Ranar 1 ga Agusta 1914 aka buɗe gandun ƙasa na Suwizalan a yankin Engadin, inda har yau ba a sauka daga kan turba, ba a kafa tanti, ba a shiga da kare, ba a tsinkar ko ganye ɗaya.

Sauran abu ɗaya shi ne lokaci, don mai aiki kwana shida a masana'anta ba ya yawon furanni. A Faransa, dokokin 1936 sun ba ma'aikaci hutun mako biyu da albashi, suka kuma taƙaita aiki zuwa awa 40 a mako. A 1947 aka kafa kwamitin shata dogayen hanyoyin ƙafa, wanda ya fito da alamar fenti fari da ja a jikin dutse da itace. Zagayen Mont Blanc na cikin waɗanda aka fara shatawa: kimanin kilomita 170 ta Faransa da Italiya da Suwizalan, tafiyar kwana bakwai zuwa goma sha ɗaya, wadda masu ƙaramin hutu kan gutsuri kwana biyu daga cikinta. A 1976 gwamnatin Faransa ta ƙirƙiro takardar shaida ta musamman ga mai raka mutane a hanyoyin da ba sa bukatar igiya ko taka kogin ƙanƙara. Shi ba gwanin hawa ba ne kawai. Dole ya san tsirrai da dabbobi da yanayin sama.

Irin wannan tafiya tana da tsarinta. Ana tashi da sassafe, domin hadarin tsauni ya fi haɗuwa da rana ta karkata. Ana ratsa dajin itatuwa, sai a kusan mita 2,000 su fara gajarta su ɓace. Daga nan sai jajayen kurmin alpenrose, da rawayar arnica, da soldanella wadda ke huda gefen ƙanƙarar da ba ta gama narkewa ba ta fito da ɗan furenta mai kama da ƙararrawa. Dabbar marmot ta yi fito daga bakin raminta, 'yan'uwanta su nutse. A masauki, takalmi a ƙofa ake barinsa, a ci abinci tare a dogon teburi, a kwana ɗaki ɗaya a jere, a kashe fitila da wuri. Tsaunukan Alps na da nau'in tsirrai kusan 4,500, kuma an taɓa samun wani ɗan tsiro mai fure a mita 4,505 a kan dutsen Dom.

To amma wa ya yi filin? Can ƙurya sama, sanyi ne ya hana itace fita, ciyawar ta Allah ce. Amma yawancin filayen da ake ɗauka hoto, daji ne da mutane suka sare tun ɗaruruwan shekaru, shanu da dogon lauje suka hana shi dawowa. Kowace bazara ana kora garke sama ya yi wata uku ko huɗu, ana tatsa ana yin cuku irin su Beaufort da Fontina, ƙasa kuma ana yankan ingirici don hunturu. Kiwon kuma da ƙa'ida yake. A ƙauyen Törbel na Suwizalan akwai yarjejeniyar kiwo ta 1483, da dokar 1517 wadda ta hana kowa kai shanu sama fiye da waɗanda zai iya ciyarwa da hunturu. Wannan ƙauye na cikin misalan da masaniya Elinor Ostrom ta kafa hujja da su cewa jama'a na iya riƙe filin tarayya ba tare da sun cinye shi ba, aikin da ya kai ta ga kyautar Nobel a 2009.

Inda makiyaya suka tashi, kurmi kan rufe wurin cikin 'yan shekaru, furanni su ja da baya. Inda aka cika taki don a sami ciyawa mai yawa, 'yan nau'o'i kaɗan ne ke danne sauran. Ga kuma ɗumamar yanayi: wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2018, a kan ƙololuwa 302 a Turai, ya nuna yawan nau'o'in tsirran da ke kan ƙololuwa yana ƙaruwa ninki biyar cikin sauri a 2007 zuwa 2016 idan aka kwatanta da shekara hamsin kafin nan, kuma na can sama ba su da inda za su ƙara matsawa.

Ɗan jagora yana da takardar shaida da ƙungiya da ranar biki. Mai tatsar saniya da asuba a bukkar kan dutse, wanda aikinsa ne ya sa akwai abin da za a nuna wa baƙo, shi ne aka fi jinkirin tunawa da shi. Gwamnatin Suwizalan tana biyan manoma tallafi don su ci gaba da kai dabbobi sama, domin makiyayar bazara ta kai kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙasar noman ƙasar. Hukumar UNESCO ta sa hawan tsauni cikin jerin al'adun duniya a 2019. Kiwon bazara na Suwizalan sai a Disambar 2023 ya shiga.