Katantanwar ruwa

Katantanwar ruwa, wadda ake kira dodon koɗin ruwa, halitta ce mai laushin jiki da ke zaune cikin ƙwanso a tafkuna, kududdufai, koguna da madatsun ruwa. Wasu irinta ana kiwon su a akwatin gilashi tare da kifin ado, wasu kuma su ne ke ɗauke da tsutsar da ke haddasa tsargiya. A ƙasar Hausa an fi sanin ƙwanson, wanda yara ke murzawa a wasan katantanwa.

Abinci

Katantanwa tana da harshe mai ɗauke da ƙananan haƙora jere-jere, da shi take kankare gansakuka daga jikin duwatsu, ciyayi ko gilashi. Tana cin ruɓaɓɓen ganye da ragowar abincin kifi. A akwatin da ake yawan wankewa gansakuka ba ta isar ta, don haka masu kiwo kan ƙara mata alayyafo, kabewa, karas ko kokwamba da aka ɗan tafasa. Abin da ya kwana ba a ci ba ana cire shi, domin yana ɓata ruwa. Yawan zuba abinci kuma shi ne ke sa ƙananan katantanwa su hayayyafa har su cika akwatin.

Ƙwanso

Mafi yawan ƙwanson sinadarin kalsiyam ne, irin wanda ke cikin ɓawon ƙwai da farar ƙasa. Wata fata da ke ƙarƙashinsa ce ke gina shi, tana ƙara sabon sashe a bakin ƙwanson yayin da dabbar ke girma. Kalsiyam ɗin daga ruwa da abinci yake fitowa.

Idan ruwa ya yi tsami, wato ma'aunin pH ya sauka ƙasa da 7, ƙwanson yakan fara narkewa. Alamar farko ita ce farin tabo ko ƙananan ramuka a tsinin ƙwanson, domin nan ne sashe mafi tsufa. Katantanwa tana iya toshe huda daga ciki, amma fatar waje da ta zaizaye ba ta dawowa. Gyaran ruwa sabon girma kawai yake amfana. Shi ya sa ake sanya dakakken ɓawon ƙwai da aka tafasa ko gutsuren dutsen farar ƙasa a cikin akwatin tun kafin lalacewa ta bayyana. Ruwan sama zalla ba shi da kalsiyam sosai. Magungunan kifi masu ɗauke da jan ƙarfe kuwa suna kashe katantanwa, ko da kaɗan ne.

A ƙasar Daura

Masarautar Daura, a arewacin Jihar Katsina, tana da gajeriyar damina da dogon rani, don haka jama'a da dabbobi kan taru a ruwan da ke kwance, kamar madatsun Sabke da Daberam da kududdufan bakin gari. Irin wannan ruwa ne mazaunin katantanwa a arewacin Najeriya. Wasu jinsin Bulinus kan shige cikin laka idan tafki ya ƙafe, su yi watanni a haka har ruwan farko ya sauka.

Bulinus ce ke ɗauke da Schistosoma haematobium, tsutsar tsargiya mai sa fitsarin jini, wadda likita Bajamushe Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851. Ƙwan tsutsar yana shiga ruwa ta fitsarin mai cutar, ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta shiga jikin katantanwa. Bayan wasu makonni sai ta fito da yawa ta huda fatar mai wanka, mai wanki ko mai kamun kifi. Jinsin Biomphalaria na ɗauke da tsargiyar hanji, wata katantanwar kuma tsutsar hantar shanu da tumaki. Ana maganin tsargiya da ƙwayar praziquantel.

Saboda haka ba a ɗebo katantanwa daga tafki ko madatsa a saka a akwatin gida, domin wadda ta riga ta kamu tana ci gaba da sakin tsutsa a cikin ruwan da ake tsoma hannu.

Katantanwar ado

Shahararrun katantanwar ado, jinsin Pomacea, daga Kudancin Amurka suka fito. Ɗaya daga cikinsu, da aka kai Taiwan wajen 1980 don ci, ta bazu ta zama annoba a gonakin shinkafa na Asiya. A 2012 Tarayyar Turai ta hana shigo da jinsin baki ɗaya.