Bargar Sarki: Tarihin Dawakin Fada da Masu Kula da Su

Da aka nemi in ba da tawa gudummawa cikin wannan ɗan littafi na bukin cikar sarautar garinmu shekara ɗari, na tarar malamai da masana sun riga sun ɗauki jerin sarakuna, da asalin gidan sarauta, da ayyukan da kowane sarki ya bari. Sai na roƙi alfarma a bar mini barga. Dalilina kuwa, duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fada ranar hawan salla ya ga Mai Martaba bisa ingarma, ya ji tambura da algaita da kirarin maroƙa, amma kaɗan ne cikinmu suka san hannuwan da suka yi watanni suna ciyar da wannan doki, suna wanke shi, suna kwana kusa da turkensa. Sunayen waɗannan bayin Allah ba su cikin jerin da aka buga a shafunan farko, alhali da guminsu sarki yake hawa, da guminsu kuma yake sauka lafiya.

Doki kafin zuwan Nasara

A ƙasar Hausa ta da, ƙarfin sarki ana auna shi da yawan dawakin da zai iya fitarwa ranar yaƙi. Sunayen sarautu ma sun isa shaida: Madawaki, Ubandawaki, Sarkin Dawaki, Barde, Sarkin Lifida, Sarkin Zagi, da Shamaki wanda barga take hannunsa. A Katsinar Maraɗi, Ƙaura shi ne jagoran mayaƙa, kuma yana cikin manyan fada huɗu tare da Galadima da Durɓi da Ƴandaka.

Tarihin wannan yanki namu a ƙarni na 19 bisa bayan doki aka yi shi. Bayan faɗuwar Birnin Katsina a 1807, gidan sarautar ya ƙaura arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa mazauninsa a Maraɗi. A 1836 aka yi karon Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda suka kwanta dama. Waɗanda suka tsira suka sake haɗa kai, Mayaƙi ya kafa Tsibiri da taimakon Ɗan Mari, nesa kaɗan da Maraɗi. Abin da ya riƙe garuruwan nan biyu tsawon shekaru shi ne kurmin gulbi da ya kāre su, da dawakin da suke fita da su da rani, musamman zamanin Ɗan Baskore wanda ya yi sarauta fiye da shekara ashirin. A gabas kuwa, Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya gina ganuwar Birni, ya tara bindigogi da igwa, amma duk da haka bai rage barga ba, domin bindiga ba ta bin sawun maƙiyi, doki ke bi.

Mayaƙan doki iri biyu ne. Akwai ƴan lifida, waɗanda ake lulluɓe su da dawakinsu da lifidi, wato tufa mai kauri da aka cusa wa auduga ko abawar rimi don tare kibiya, ga kwalkwali a ka, wani ma da sulke a ciki. Su ne bangon sarki, kuma sai ingarma mai ƙashi ke iya ɗaukar wannan nauyi. Akwai kuma barade masu ƙananan dawaki masu sauri, su ne na hari da leƙen hanya.

Dawakin nan daga wurare dabam-dabam suke zuwa: daga Azbin, inda ake samun Bagazam mai tsada, daga Arewa da Kurfai, daga Manga da Barno. Masu sauraron rediyo sun san waƙar Narambaɗa ta Dokin Iska Ɗan Filinge; sunan kaɗai ya nuna yadda dawakin ƙasarmu suka yi suna har ƙetaren iyaka. Fatake kuma suna kora su kudu zuwa Nupe da ƙasar Yarabawa, inda ƙudan tsando ke sa musu sammore, ba su daɗewa, kullum sai an sayo sababbi. Busasshiyar iskar arewa ita ce arzikinmu a wannan ciniki.

Ranar 30 ga Yuli 1899 Faransawa suka shiga Zinder, bayan sun karya rundunar Sarki Amadu Kuran Daga a Tirmini. Tun daga wannan lokaci aka san bindiga mai ɗurin baya ta fi ƙarfin lifidi. Sarautar da muke bukinta a yau an naɗa ta ne bayan an rataye masu da takubba, saboda haka dawakinta ba su ga fagen fama ba. Aikinsu ya zama rangadin ƙauyukan kanto, da kai saƙon sarki ga masu gari, da rakiyar kumandan, da tattara haraji, da zuwa sasanta manomi da makiyayi kafin rigima ta yi nisa.

Yini guda a barga

Ina yaro ɗan lakkwal, ranakun hutu nakan bi abokaina yankan ciyawa mu kai barga, ladanmu shi ne a ɗora mu bisa wani tsohon bidi mai haƙuri a kewaya da mu. Daga baya, da na fara aikin rediyo, na koma da rakoda na zauna da dattawan da suka tsufa cikin wannan hidima. Abin da zan faɗa a nan daga bakinsu na ji shi, wani kuma da idona na gani.

Tun kafin assalatu ɗan barga yake tashi. Aikinsa na farko duban doki: ya cinye abin da aka zuba masa da dare, ko ya bari? Kashinsa yaya yake? Yana tsaye daidai bisa ƙafafunsa huɗu? Sa'an nan a share wuri, a kwashe kashin a tara shi gefe, domin shi ne takin gandun sarki. Lokaci lokaci akan kwashe jiƙaƙƙiyar ƙasar gindin turke a zuba sabon rairayi, don kada kofato ya ruɓe. Dawakinmu ba a sa musu takalmin ƙarfe, ƙasarmu mai yashi ce. Yankan kofato da wuƙa ya wadatar.

Da hantsi a kai su rijiya. Doki babba yakan sha lita 30 zuwa 50 a yini lokacin bazara, kuma doka ce ta barga ba a ba dokin da ya dawo da gumi ruwa mai yawa sai ya huce. A wanke shi, a goge, a taje geza da wutsiya, a cire kaska. Da la'asar a fita ƙilisa, saboda dokin da ya daɗe a turke ƙafa take kumbura masa, halinsa kuma ya ɓaci.

Abincinsa yana bin shekara. Da damina ɗanyar ciyawa, harƙiya ce kan gaba. Da kaka a tara harawar wake da ta gyaɗa a ɗora bisa rumfa ko reshen itace, a yanki ingirici a adana. Da rani kuwa da waɗannan ake rayuwa, tare da dawa ko gero, da dusa, da ƙasari idan mata sun wanke surfe. Kanwa ba ta yankewa, haka gishirin kantu da ayarin raƙuma ke kawowa daga Bilma. In doki ya rame, akan daka gero da kanwa a cura a riƙa sa masa a baki da hannu har ya murmure. Ba a zuba masa hatsi a ƙasa, domin in ya haɗiyi yashi yakan taru a hanjinsa, ga shi doki ba ya amai. Ciwon ciki shi ne babban abin da ɗan barga yake tsoro. Da dare kuma, in sauro ya yi yawa, a hura wuta da ɗanyen ganye hayaƙi ya kore shi, mai tsaro ya shimfiɗa tabarmarsa inda zai ji motsin kowane turke.

Ingarmu ake ɗaurewa a fada. Goɗiyoyi suna ƙauye hannun amintattu, su yi wata goma sha ɗaya da ciki, in an sami duƙushi namiji mai kyau, ya kai shekara biyu zuwa uku, a kawo shi a fara horo: ragama tukuna, sa'an nan linzami, sa'an nan sirdi ba mahayi, daga ƙarshe a ɗora yaro mara nauyi. A nan ake koya masa taƙama, da sukuwa, da tsayawa cak gaban sarki wurin jafi, da jure ƙarar bindiga da ganga. Dattawan barga suna karanta shekarun doki a haƙoransa, kuma kowane launi da sunansa: kili, akawal, bidi, hurde, gunya, danda, bikili. Wani tsoho ya taɓa gaya mini cewa bai taɓa dukan doki a fuska ba cikin shekarun da ya yi, domin dokin da ya koyi tsoron hannu wata rana zai kunyata mahayinsa a bainar jama'a.

Barga ɗaya takan ciyar da gidaje masu yawa. Maƙeri ke ƙera linzami da likkafa da ƙaimi. Masassaƙi ke sassaƙa ƙwarangwal ɗin sirdi, baduku ya rufe shi da fata, ya yi kamazuru da majayi da layu. Maɗinki ya yi jalala da ɗauki-saƙa. Ga masu igiya da ke tufka dabaibayi da talala, ga masu ciyawa, ga zagage da ke riƙe wa sarki likkafa in zai hau, su wuce gabansa da bargo a kafaɗa. Kuma har yau babu kyautar da ta kai doki da sirdinsa, ko ga wanda aka naɗa, ko ga baƙo mai daraja, ko ga makaɗi.

Shekarun da turaku suka ragu

Tiya ɗaya ta hatsi a yini, mafi ƙaranci ke nan ga dokin hawa. In aka lissafa buhu mai kilo 100 a kan tiya 40, doki ɗaya yana cin buhu tara a shekara, ban da harawa da kanwa da magani. Wannan lissafi shi ya sa kowace yunwa takan fara bayyana a barga. Kakanninmu sun ba da labarin Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Iyayenmu sun ga farin 1973 zuwa 1974, da na 1984 zuwa 1985. A irin waɗannan shekaru sarki mai tausayi yakan buɗe rumbun dawaki ya raba wa talakawa, dawakin kuma a sayar, ko a kai su kudu, ko su mutu a turke. Dattawan da na yi hira da su ba su iya ba da labarin 1984 ba tare da sun yi shiru na ɗan lokaci ba. A 2019 ma wata mura ta ratsa ƙasar nan ta kashe jakuna da dawaki masu yawa.

Abin da fari ya rage, zamani ya ƙarasa. Motocin da cinikin gyaɗa ya kawo, da keke, da babur, sun karɓe aikin manzo da na rangadi. Makiyaya ta zama gona, gona ta zama fili na gini, har ciyawar da muke yanka kyauta a bayan gari yau a amalanke ake sayar da ita. Ƴaƴan ƴan barga sun tafi lakkwal ko kasuwa ko ci-rani, kuma ba mai ganin laifinsu, tun da hidimar ba ta da albashi. Ga shi yanzu, in salla ta matso, wasu masu sarauta aron doki suke yi ko haya. Mai doki ya koma kuturi, in ji masu iya magana.

Roƙo ga manyan gari

Ranka ya daɗe, da ku iyayen ƙasa, da attajirai da ma'aikata ƴan asalin garin nan, ga abu uku da nake ganin ba su fi ƙarfinmu ba. Na farko, a keɓe wani yanki na gandu don wake da gyaɗa, harawarsa ta zama ta barga. Na biyu, a yanka wa masu kula da dawaki wani abu tsayayye kowane wata, a haɗa su da likitan dabbobi na ma'aikatar kiwo don rigakafi da maganin tsutsa, a kuma sa samari biyu ko uku su koya a hannunsu. Na uku, a zauna da dattawan da suka rage a ɗauki muryarsu, a rubuta sunayensu da na iyayensu da suka yi wannan hidima, da sunayen kayan doki ɗaya bayan ɗaya. Kaset ɗin da na ɗauka suna nan, kuma na ba da su ga fada.

Cikin tsofaffin da na yi hira da su, mafi yawa sun riga mu gidan gaskiya. In muka yi sakaci da sauran, jikokinmu za su gāji sirdi da lifidi a cikin ɗaki, su rasa wanda zai nuna musu yadda ake ɗaura majayi. Kyawun ɗa ya gāji ubansa.

Allah ya jiƙan magabata, sarakunansu da barorinsu. Allah ya ja zamanin Mai Martaba, ya ba ƙasa damina mai albarka, ya sa a yi ta jin haniniya a ƙofar fada har wani ƙarni.