Wa Ya Ce a 999 Aka Kafa Kano?

Duk ɗan makarantar da ka tare a Kano ka tambaye shi yaushe aka kafa birni, kafin ka rufe baki zai ce maka 999, zamanin Bagauda. Haka ma na tarar a wani kundin ilimi na intanet, an rubuta shekarar gaba gaɗi, an jingina ta ga littattafai har uku. Sai na ce bari in yi abin da malaman hadisi ke yi: in ajiye matani, in bi isnadi.

Ban yi nisa ba na ga littattafan ukun duk rijiya ɗaya suka sha. Wanda bai ɗauko daga H. R. Palmer ba, ya ɗauko daga wanda ya ɗauko daga gare shi. Palmer jami'in mulkin mallaka ne, shi ya fassara Tarihin Kano daga Larabci zuwa Turanci, aka buga a Landan a 1908, ya sake fitar da shi cikin Sudanese Memoirs a 1928. Ashe shaidu uku ne a ido, amma baki ɗaya ne ke magana.

To shi Palmer ina ya samo? Littafin Larabcin ya jero sarakuna 48, daga Bagauda zuwa Sarkin Kano Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1893. Ba ya cewa a shekara kaza aka naɗa wane. Abin da yake faɗa shi ne wane ya shekara kaza a sarauta. Palmer ya kama daga ƙarshe, inda yake da tabbas, ya riƙa ɗebewa yana komawa baya, har ya dire a 389 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 999.

Sawun wannan lissafi na nan ga mai lura. Littafin ya ce Bagauda ya shekara 66, amma kundin ya rubuta 999 zuwa 1063, wato 64. Ina biyu suka shiga? Ba ɓata suka yi ba. Daga 389 zuwa 455 na Hijira 66 ne cif, sai dai shekarar wata ta gaza ta rana da kimanin kwana 11. Wannan ɗan giɓi shi ya tona asiri cewa 999 amsar lissafi ce, ba rubutun wanda ya gani da ido ba. Kuma lissafi irin wannan kamar jeren tubali ne: in aka ƙara wa sarki ɗaya shekara goma, ko aka tsallake wani, duk waɗanda suka gabace shi sun gusa. Waƙar Bagauda, wadda Mervyn Hiskett ya buga a 1964 da 1965, ita ma ta jero sarakunan Kano, amma sunayenta da shekarunta ba su zo ɗaya da na littafin ba a wurare da dama.

Sai kuma batun wanda ya rubuta littafin, tunda bai sa suna ba. Murray Last, a 1980, ya ce an fara haɗa shi ne wajen 1650, daga baya aka yi ta ƙari. John Hunwick kuwa, a 1994, ya nuna Ɗan Rimi Malam Barka, babban bawan sarki a fadar Bello, ya ce shi ya tattara shi wajen ƙarshen shekarun 1880. Ko da na Last aka ɗauka, tsakanin Bagauda da alƙalami akwai shekara sama da 600 da labarin ya yi yana yawo a bakin maroƙa da dattawan fada.

Wannan ba ya nufin a yi watsi da littafin. Inda aka samu shaidar waje, takan mara masa baya. Lissafin Palmer ya sa Muhammadu Rumfa tsakanin 1463 da 1499, kuma an san Shehu Maghili ya zo Kano wajen 1492, har ya rubuta wa sarkin nasiha kan mulki. A nan an dace. Amma matsa baya kaɗan. Littafin ya ce Wangarawa sun iso zamanin Yaji, 1349 zuwa 1385, alhali wani rubutu na wajen 1650 kan asalin Wangarawan Kano, wanda Muhammad Al-Hajj ya buga a 1968, ya ce Rumfa suka tarar a kan karaga. Tazarar ta kai ƙarni guda. In ƙafa ta fara santsi tun a ƙarni na 14, ina ga na 10?

Babban abin ma shi ne littafin kansa bai ce Bagauda ne ya kafa birni ba. Ya ce ya tarar da mutanen Dala da tsafinsu na Tsumburbura, wanda Barbushe ya taɓa jagoranta, shi kuwa ya zauna a Sheme. Jikansa Gijimasu ne ya fara ganuwa. Ƙasa ma ta yi magana: gawayin da aka tono a wata tsohuwar matoyar ƙarfe a gindin Dala, da aka auna shi, ya nuna ƙarni na 7. Wato kafin Bagauda da shekara wajen 300 ana narka tama a wurin.

Saboda haka gyaran da jimlar nan ta "an kafa Kano a 999" ke buƙata ba babba ba ne. A ce akwai mutane a Dala tun ƙarni na 7. A ce bisa lissafin Palmer daga Tarihin Kano, sarautar Bagauda ta fara wajen 999. A ce ganuwa ta zo bayansa. Kalmomi biyu ne suka faɗi a hanya, "wajen" da "in ji". Da su aka baro gida, sai kowane mai kwafa ya ga sun yi masa nauyi ya sauke ɗaya, har zato ya iso hannun ɗan makaranta da rawanin tabbas.