Sequoia: Jirgin Shugabannin Amurka Da Aka Bayar Ba Ko Sisi

A watan Nuwamba na 2016 wata kotu a jihar Delaware ta Amurka ta yanke hukuncin cewa wani kamfani na iya karɓar jirgin ruwan Sequoia ba tare da ya biya ko dala ɗaya ba. Jirgi ne kuwa da shugabannin ƙasar suka shafe sama da shekara arba'in suna hawa.

An ƙera shi da katako a 1925 a garin Camden na jihar New Jersey, bisa zanen John Trumpy, domin shaƙatawar wani attajiri mai suna Richard Cadwalader. Tsawonsa ƙafa 104. Gwamnati ta saye shi a 1931, zamanin da aka haramta giya a ƙasar, don a riƙa yi wa masu fasa-ƙwaurinta tarko da shi. Ba a jima ba Shugaba Herbert Hoover ya fara fita kamun kifi a cikinsa, daga nan ya zama jirgin shugaban ƙasa. A cikinsa John Kennedy ya yi bikin cikarsa shekara 46 a watan Mayun 1963, wata shida kafin a kashe shi. A cikinsa kuma Richard Nixon ya karɓi baƙuncin shugaban Tarayyar Sobiyet, Leonid Brezhnev, a 1973.

Jimmy Carter ne ya sa aka yi gwanjonsa a 1977 kan dala 286,000, don nuna cewa gwamnatinsa ba ta almubazzaranci. Daga nan jirgin ya riƙa sauya hannu. An ayyana shi cikin kayan tarihin ƙasa a 1987, amma takarda ba ta hana katako ruɓewa. Mai shi na baya ya ci bashi a kansa, rigima ta kai gaban alƙali, jirgin kuma yana jibge a tudu yana lalacewa. Da aka cire bashin da kuɗin gyara daga farashinsa, babu abin da ya rage. Sai a 2019 aka kai shi jihar Maine domin gyara.

Mu da muka tashi a Soron Ɗinki ba mu da teku, amma mun san wannan ciwo. Ganuwar Kano ma tana cikin jerin kayan tarihin ƙasa, ga ta nan tana zaizayewa kowace damina. Ginin ƙasa da jirgin katako halinsu ɗaya: duk shekara suna neman hannu. Kafin a tambayi wane ne mai abu, gara a tambayi wa zai ɗauki nauyin yaɓensa.