Daga Samaru zuwa gonar talaka

A shekarar 1922 ne Turawan mulkin mallaka suka kafa tashar binciken aikin gona a Samaru, kusa da Zariya. Hankalinsu ya fi karkata ga auduga da gyaɗa, domin su ake lodawa a jirgin ƙasa zuwa Legas, daga can sai masana'antun Ingila. Bincike kam an yi shi da gaske, amma a filin gwaji mai shinge, kowace shuka ita kaɗai a kan kunyarta, sakamakon kuma ya ƙare a rahoton Turanci da manomi ba zai taɓa gani ba.

Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, tashar ta koma ƙarƙashinta ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona. Shekara guda bayan haka gwamnatin Jihar Arewa ta kafa wani sashe da aikinsa shi ne kwaso abin da masana suka gano, a mayar da shi maganar da malamin gona zai iya kai wa ƙauye. Shi ne ya girma ya zama NAERLS ta yau. Aka buga ƙasidu da Hausa, aka shiga rediyo. Duk da haka manoma suka ƙi barin hanyarsu, a ofis kuwa aka ɗauka taurin kai ne da jahilci.

Wanda ya girgiza wannan zato wani masanin tattalin arzikin noma ne, David Norman. A tsakiyar shekarun 1960 shi da abokan aikinsa suka shiga ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suna bin gidaje suna rubuta wa ya yi wane aiki, a wace gona, na awa nawa, me aka girbe. Abin da lissafin ya nuna ya ba masu bincike kunya. Haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, irin shukar gicci da ake ta hana manomi, ta fi shuka iri ɗaya kawo amfani a kan eka guda, ta fi biyan wahalar da aka sha a watannin Yuni da Yuli, lokacin da ciyawa ke tashi kuma hannu ke ƙaranci. In damina ta yi gardama, wani iri ya mutu wani ya tsira.

Haka batun auduga. Samaru ta ce a shuka ta da wuri, a tsakiyar Yuni, kuma a filin gwaji gaskiyarta ce. Sai dai a daidai wannan lokaci magidanci na kan noman hatsinsa, rumbu ya kusa ƙarewa, ba zai bar abincin iyali ya koma kan abin sayarwa ba. Ga feshin da aka ce ya yi yana cin ruwa mai yawa, wanda sai an ɗauko a ka daga nesa. Manomin nan ya riga masanin yin lissafi, ba a dai tambaye shi ba ne. A ganina daga nan bincike ya fara shiga gonar talaka, domin daga nan aka fara kai gwaji gonarsa, ana tsara shawara daidai ƙarfinsa.

Sauran labarin ya zo da sauri. A 1975 aka fara shirin bunƙasa noma na Funtuwa da Gusau da Gwambe da tallafin Bankin Duniya, aka haɗa irin masara na TZB daga cibiyar IITA ta Ibadan da taki da hanyoyin karkara da malaman gona. Masara, wadda a da ake shukawa a bayan gida don gashi, ta zama babban amfanin gona. A shekarar 1975 ɗin ce kuma cutar kuturun gyaɗa ta yi mummunar ɓarna, kuma an daɗe kafin ire-iren SAMNUT masu jure mata su fito. A ƙarshen 2019 Samaru ta saki waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da ke huda kwanso.

Abin da ke damuna yau shi ne gadar da ke tsakanin masu bincike da manoma ta lalace. Malaman gona sun yi ƙaranci, da yawa sun yi ritaya ba a ɗauki madadinsu ba, wanda ya rage kuma ba shi da man babur. A jami'a ana ƙara wa malami girma ne da yawan maƙalun da ya buga da Turanci. Ranar da ya ɓata a Giwa ko Soba yana sauraron manoma ba ta da gurbi a takardar neman ƙarin girmansa.