Rogo da Ciwon Jijiya: Binciken Farfesa Osuntokun

Wani mai sauraronmu, manomi daga Malumfashi, yana tambaya: wai da gaske rogo na lalata jijiyoyi, kuma wa ya gano haka?

To Malam, zancen na da tushe. Wanda ya yi suna a kansa shi ne Farfesa Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan, wanda ya rayu daga 1935 zuwa 1995. A ƙarshen shekarun 1960 ya bibiyi wasu majiyyata a Epe, kusa da Legas: ƙafa ta mutu, tafiya sai tangaɗi, ido na dushewa, ji na raguwa. Ya tarar kusan ba su da cima sai rogo, ga ƙarancin abinci mai gina jiki. Sai ya danganta ciwon da gubar sayanayid, wadda ke saura a rogon da ba a jiƙa an sarrafa sosai ba, tana cin jijiya a hankali.

Rubuce-rubucensa sun haura 300, har gobe masana na kafa hujja da su. Amma kada ka guji garin kwaki mai kyau. Ku a Funtua da Malumfashi masara da dawa ne tuwonku. A dai hana yara gutsurar ɗanyen rogo mai ɗaci a gona.