Kiwon isofod

Kiwon isofod shi ne ajiye ƙananan halittun nan masu sulke na rukunin Isopoda a cikin akwati ko mazubin roba, ana ciyar da su ana lura da hayayyafarsu, domin sha'awa, ko nazari, ko kasuwanci. Waɗanda ake kiwo su ne masu rayuwa a tudu, wato irin ƙwarin nan masu launin toka da ake tararwa a ƙarƙashin randa, ko dutse, ko ruɓaɓɓen itace, waɗanda wasu daga cikinsu kan dunƙule kamar ƙwallo idan an taɓa su. Wannan kiwo ya yaɗu a Turai da Amurka da Japan da kudu maso gabashin Asiya, musamman daga shekarun 2010, bayan da aka fara sayar da nau'o'i masu launi daga ƙasashe masu zafi da yawan ruwan sama. Nasarar kiwon ta rataya ne a kan abu uku: danshi, da sanyin wuri, da tsabtar ƙasar da aka zuba musu.

Asali da rabe-rabe

Duk da ana kiran su ƙwari, isofod ba dangin kyankyaso ko fara ba ne. 'Yan uwansu na kusa su ne ƙaguwa da jatan lande. Masanin halittu Bafaranshe Pierre André Latreille ne ya raɗa wa rukunin suna Isopoda a farkon ƙarni na 19, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin "ƙafafu iri ɗaya". An san nau'o'i sama da 10,000. Kusan rabinsu suna zaune a teku da koguna, sauran kuma a tudu, a ƙarƙashin reshen da ake kira Oniscidea. An samu burbushinsu a duwatsun da suka kai shekara miliyan 300.

Girmansu ya bambanta ƙwarai. Mafi yawan na tudu ba su wuce santimita 1 zuwa 2 ba, amma na ƙasan teku, irin su Bathynomus giganteus wanda aka fara bayaninsa a 1879, kan haura santimita 30. Akwai kuma na hamada, Hemilepistus reaumuri, da ke arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya, wanda namiji da mace ke haƙa rami ɗaya su reni 'ya'yansu tare.

Siffa da yanayin rayuwa

Baligin isofod yana da ƙafafu 14, bakwai a kowane gefe, da sulke mai gaɓa-gaɓa a bayansa. Wannan ya bambanta shi da ƙadandoniya, wadda ita ma takan naɗe amma ƙafafunta sun fi haka yawa nesa. Yana numfashi ne ta wasu faifai da ke ƙarƙashin ƙarshen jikinsa, waɗanda asalinsu kayan numfashin cikin ruwa ne. Dole su kasance da laima kafin su yi aiki. Fatarsa kuma ba ta da kakin da ke hana ruwa fita daga jikin sauran ƙwari, shi ya sa bushewa ke saurin kashe shi. Saboda haka yake ɓuya da rana ya fito da dare.

Yana yin saɓa kashi biyu: rabin baya ya fara zubewa, bayan kwana ɗaya zuwa uku rabin gaba ya biyo. A wannan lokaci jikinsa yana da taushi, kuma sau da yawa yakan cinye tsohon ɓawon don ya mayar da sinadarin kalsiyam da ke ciki. Mace ba ta zuba ƙwai a ƙasa. Tana riƙe su a wata jaka mai ruwa a ƙarƙashin ƙirjinta na wasu makonni, har 'ya'yan su fito farare masu ƙafafu 12. Ragowar biyun sai bayan saɓa suke fitowa. Yawancin nau'o'in kan rayu shekara 2 zuwa 3.

Abincinsu a daji matattun ganyaye ne da ruɓaɓɓen itace. Ta haka suke taimakawa wajen mayar da shara taki. Ba sa cizo, ba sa harbi, ba su kuma cin katakon gini mai lafiya kamar gara.

Nau'o'in da aka fi kiwo

Porcellionides pruinosus: asalinsa yankin Bahar Rum, amma ya bazu a duniya har da Afirka, yana zama a juji da lambu. Yana da sauri, yana jure zafi fiye da yawancinsu, yana kuma hayayyafa da wuri. Shi ya fi dacewa da mai farawa.

Porcellio laevis: babba ne mai yawan ci. Akwai launinsa fari mai ɗigon baƙi da 'yan kasuwa ke kira Dairy Cow saboda kamarsa da saniyar madara ta Turai.

Trichorhina tomentosa: fari ne ɗan mitsitsi, bai wuce milimita 4 ba, daga yankunan Amurka masu zafi. Matansa na haihuwa ba tare da namiji ba.

Cubaris murina: yana dunƙulewa, ana samunsa a ƙasashe masu zafi da dama, kuma ya fi sauran 'yan gidansu sauƙin kiwo.

Rubber Ducky: wani isofod ne daga kogunan duwatsun farar ƙasa na Tailan, da ake lissafa shi cikin Cubaris. Fuskarsa rawaya ce mai kama da bakin agwagwar roba ta wasan yara. Fitowarsa kasuwa wajen 2017 na cikin abubuwan da suka jawo hankalin jama'a ga wannan kiwo. Yana da tsada, yana jinkirin haihuwa, yana kuma buƙatar danshi mai yawa da kalsiyam.

Armadillidium maculatum: mai zanen fari da baƙi kamar jakin dawa, daga kudancin Faransa. Ya fi son wuri mai iska da ɗan bushewa.

Mazauni

Mazubin roba mai murfi, mai cin lita 6 zuwa 10, ya isa garke na farko mai isofod 10 zuwa 15. Ana huda ƙananan ramuka a gefe ko a murfi, a rufe su da raga mai ƙananan ido don iska ta shiga ba tare da tururuwa ta samu hanya ba. Isofod ba sa iya hawa roba mai santsi.

Ana zuba ƙasa mai zurfin santimita 5 zuwa 10, haɗin takin ganye da ya ruɓe sosai, da ɓarɓashin ruɓaɓɓen itace, da ɗan gawayi. A sama a shimfiɗa busassun ganyaye da yawa, a ɗora ɓawon itace inda za su ɓuya. Zaren ɓawon kwakwa yana riƙe ruwa amma ba abinci ba ne, don haka ba a yin ƙasar da shi kaɗai.

Babbar ƙa'ida ita ce a raba mazubin gida biyu: gefe ɗaya mai danshi kullum, ɗayan mai ɗan bushewa. Da haka kowane isofod zai zaɓi inda ya dace da shi a lokacin. Ƙasar gefen danshi ta zama idan an matse ta a hannu ta dunƙule ba tare da ruwa ya ɗiga ba. Idan ruwa ya kwanta a gindin mazubi sukan nutse su mutu, ƙasar kuma ta yi tsami. Ruwan famfo mai sinadarin kulorin ana barin sa ya kwana a buɗe kafin a yayyafa.

Abinci

Ganyen da ya bushe ya faɗo da kansa shi ne tushen abincinsu, kuma bai kamata ya yanke ba. Ganyen mangwaro da na gwaiba suna yi. Ana guje wa ganyen darbejiya da na itacen turare, domin suna ɗauke da sinadaran da ke korar ƙwari. Kafin a zuba ganye ko itace ana jiƙa shi da tafasasshen ruwa a bar shi ya huce, don a kashe ƙwan wasu ƙwari da ke maƙale.

Sau ɗaya ko biyu a mako ana ƙara ɗan yankan karas, ko kabewa, ko dankali, ko kokwamba, bayan an wanke an fere. Ana ba su kuma ɗan busasshen kifi marar gishiri. Idan suka rasa irin wannan abinci, wasu nau'o'in kan far wa 'yan uwansu masu saɓa. Don kalsiyam, ana ajiye dakakken ɓawon ƙwai ko gutsuren dutsen farar ƙasa a kusurwa. Duk abin da ya kwana biyu ba a cinye ba a kwashe shi kafin ya yi hunhuna.

Kiwo a yanayin Kano

Yawancin nau'o'in ƙasashe masu zafi sun fi walwala tsakanin digiri 22 zuwa 28 a ma'aunin Salsiyos. Zafin dajin da suka fito mai inuwa ne da laima, ba irin na ƙasar Hausa ba. A Kano, zafin rana a watannin Maris zuwa Mayu kan kai digiri 40, ɗaki mai rufin kwano kuma kan fi haka. Rufaffen mazubi a irin wannan ɗaki na iya hallaka garke cikin yini guda. Ana ajiye shi a ƙasa, a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga. Inda wutar lantarki ba ta tsayawa, dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa don adana kayan lambu har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000, tana iya sanyaya mazubi ƙarami.

Da hunturu matsalar bushewa ce. Iskar kan zuƙe danshin ƙasa da sauri, don haka ana toshe wasu ramukan iska a kuma riƙa duba gefen danshi kowace rana. Da damina kuwa akasin haka ake yi: a buɗe ramuka, a rage yayyafi, saboda hunhuna.

Maganin sauro na feshi, da na ƙonawa, da fiya-fiya duk suna kashe isofod ko da kaɗan ne ya shiga mazubin. Haka ma ganye ko ƙasa daga gonar da aka yi wa feshi.

Isofod da gurɓatar ƙasa a unguwannin masana'antu

Isofod na da wata gaɓa a ciki mai aikin hanta, inda suke tara ƙarafa masu guba kamar dalma, da tagulla, da zinki, da kadmiyam, waɗanda suka shiga jikinsu ta abinci. Saboda wannan hali, masana a Turai sun daɗe suna amfani da nau'in Porcellio scaber wajen auna gurɓatar ƙasa a kusa da ma'adinai da masana'antun narka ƙarfe: ana tattara su, a busar, a auna ƙarfen da ke jikinsu.

Wannan ya shafi mai kiwo a Kano kai tsaye. Manyan unguwannin masana'antu na birnin su ne Bompai, wadda ta fi daɗewa, da Sharaɗa, da Challawa. A cikinsu akwai majemun zamani da masaƙu da kamfanonin roba. Jimar fata ta zamani na amfani da gishirin kuromiyam, kuma binciken jami'o'i ya sha nuna ƙarafa masu nauyi a ruwan da ke fita daga waɗannan unguwanni. Na Sharaɗa da Challawa yana gangarawa kogin Challawa, na Bompai kuma yana bi ta rafin Getsi zuwa Jakara. Bakin irin waɗannan magudanai wuri ne mai danshi duk shekara, inda mai neman isofod zai fi saurin samunsu, amma ƙasa da ganye da ƙwarin wurin ba su dace da kiwo ba. Tafasasshen ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, ba ya cire ƙarfe. Haɗarin ya fi girma idan za a ciyar da isofod ɗin ga wata dabba, domin gubar da suka tara za ta koma jikinta. Haka kuma garin katako daga wurin masu yankan katako kan fito daga itacen da aka shafa wa maganin gara. Mazubin roba sabo ba shi da laifi, amma wanda aka taɓa zuba sinadari ko fenti a ciki ba a amfani da shi.

Amfani

Baya ga sha'awa, masu kiwon kwaɗi da tsaka da ƙadangaru a akwatunan gilashi suna zuba isofod a ƙasan akwatin su riƙa cinye kashi da ragowar abinci. Sau da yawa ana haɗa su da wasu 'yan ƙananan ƙwari masu tsalle na rukunin Collembola, waɗanda ke cin hunhuna. A makarantu kuma ana gwaji da su a darasin ilimin halittu: a sa su a faranti mai gefen danshi da gefen bushewa, ko gefen haske da na duhu, ɗalibai su ƙirga inda suka fi taruwa bayan 'yan mintuna. Gwaji ne marar tsada da ba ya cutar da dabbar.

Matsaloli

Manyan abokan gabarsu a gida su ne tururuwa, da cinnaka, da gizo-gizo, da shanshani. Ana kare mazubi daga tururuwa ta hanyar ɗora shi a kan faranti mai ruwa. Yawan mutuwa lokacin saɓa alama ce ta ƙarancin danshi ko kalsiyam. Idan isofod ya koma shuɗi mai ƙyalli alhali ba launinsa ba ne, yana iya zama ya kamu da ƙwayar cutar Iridovirus, wadda ba ta da magani. Ana ware shi daga sauran. Bayan wata 6 zuwa shekara ƙasar kan cika da kashinsu, sai a sauya rabinta, a bar rabi saboda 'ya'yan da ke ciki. Ba a haɗa nau'i biyu a mazubi ɗaya, domin mai saurin haihuwa yakan danne ɗayan.

Doka da kare muhalli

Wasu nau'o'in masu tsada ba a samunsu sai a kogo ɗaya ko tsauni ɗaya, kuma da yawa an fara sayar da su tun kafin masana su ba su cikakken suna. Kwasar su daga daji don kasuwa na iya ƙarar da su a mazauninsu, shi ya sa ake fifita sayen waɗanda aka haifa a hannun masu kiwo. Ƙasashe da dama na sa ido kan shigo da su. A Amurka ana neman izinin ma'aikatar noma, a Najeriya kuwa shigo da dabbobi da tsirrai da ƙasa yana ƙarƙashin hukumar killace kayan noma ta NAQS. Ba a sakin baƙon isofod a lambu ko juji, kuma tsohuwar ƙasar mazubi ana zuba mata tafasasshen ruwa kafin a zubar, domin nau'in da ya samu wuri zai iya yaɗuwa ya kori na gida, ya kuma riƙa cin ƙananan tsirrai a wurin renon iri.